Korar Inna Laraba

Magana ɗaya ce ta raba Laraba da gidan Alhaji Badaru, bayan shekara ashirin da bakwai tana hura musu wuta. Ba ta saci kowa ba, ba ta zagi kowa ba, ko gishiri ba ta taɓa cika wa miya ba balle a ce an gaji da girkinta. Maganar ma da safe ta yi ta, a kicin, sai da ta bari ya rage daga ita sai uwar gidan, Hajiya Murjanatu, sannan ta sassauta murya.

"Hajiya, auren nan na Anwar da Fadila ba zai yiwu ba. Dukkansu nonona suka sha."

Na Anwar kowa ya sani. An yi wa Hajiya aiki a nono bayan haihuwarsa, Laraba tana goyo a lokacin, ita ta shayar da shi har yaye, shi ya sa 'ya'yan gidan suke ce mata Inna. Na Fadila ne ba a sani ba. Hussaina, ƙanwar Hajiya, a gidan nan ta haife ta shekara uku bayan Anwar, jijjiga ta kama ta aka wuce da ita Katsina ba ta san inda kanta yake ba, aka bar jaririya tana tsala kuka. Kwana tara Laraba ta yi tana ba ta nono tare da tata 'yar. Hussaina ta warke ta koma Kano da 'yarta, har ta rasu ba wanda ya tuna ya faɗa mata. Mutum biyu suka rage a duniya da suka san zancen, ga su nan tsaye a kicin.

Tun ranar da aka kai kayan sa rana Laraba take jira Hajiya ta hana. Ta jira har aka haɗa lefe, aka buga katin gayyata, ya rage mako uku a ɗaura. Shiru.

Hajiya ta ajiye kofin shayinta ta ce madarar gwangwani aka ba Fadila, ita ta aika aka sayo da kanta. Ta ce tsufa ne ya fara kama Laraba, kuma in tana son zamanta a gidan nan ta haɗiye wannan magana, kada ta sake bari ta fito ko a mafarki.

Laraba tana son zamanta, ina za ta je? Mijinta, wanda ya yi gadin gidan, ya daɗe da rasuwa. 'Ya'yanta biyu ƙyanda ta kwashe su tun suna ƙanana. Ɗakin nan na kusa da ƙofa da murhun nan su ne duk abin da take da shi. Kwana biyu ta yi tana haɗiye maganar, maganar tana dawowa. A rana ta uku ta durƙusa gaban Alhaji bayan ya ci abincin rana ta faɗa masa.

Alhaji ya kira matarsa, ta ce ita ba ta tuna an yi haka ba. Ya je ya tambayi wani malami. Malamin ya ce masa shaidar mace ɗaya ba ta isa ta hana aure ba, amma mai tsoron Allah ya fi kyau ya nisanci abin da aka yi shakka a kansa. Alhaji ya ɗauko rabin farko ya kawo gida, rabi na biyun ya bar wa malam a zaure.

Ranar Alhamis maganar ta kai kunnen Anwar.

Bayan la'asar ne, Laraba tana tsakar gida tana tuƙa tuwo a babbar tukunya. Ta ji an buga ƙofar mota, ta ji takunsa, ta san nasa ne tun kafin ta ɗago, don ita ta koya masa tafiya. Ko sallama bai yi ba. Ya sa ƙafa ya hankaɗe tukunyar, tuwo mai tafasa ya fallatsar mata a ƙafafu, ta yi baya tana salati. Ya fizge muciyar daga hannunta.

"Ke wace ce a gidan nan da za ki ɓata min aure?"

Ta buɗe baki, bai jira ba. Kanta ya nufa, ta ɗaga hannun dama ta kare. Muciyar biki ce, itace mai nauyi, sai da aka ji ƙarar ƙashin har baranda kamar an taka busasshen kara. Ta faɗi a kan tuwon. Ya ƙara mata a baya, ya ƙara a kafaɗa, ya ƙara a kan hannun nan da ya riga ya lanƙwashe, yana haki yana cewa munafuka, 'yar baƙin ciki, mun ciyar da ke kin ƙoshi. Ita ba ta yi ihu ba. Abu ɗaya take ta maimaitawa, bakinta cike da jini.

"Anwar, ni ce fa. Ni ce."

Hajiya tana tsaye a baranda tun dukan farko. Sai da aka yi na shida ko na bakwai sannan ta ce ya isa haka, kada ya jawo musu abin magana ana gab da biki. Ka ji fa abin da ya dame ta.

Kafin magariba an samo dalili. Wai sarƙar gwal ta ɓace daga cikin lefe, kuma ba mai shiga ɗakin Hajiya sai Laraba. Aka birkice ɗakinta, aka farke matashinta, aka zazzage kwallar tufafinta a ƙasa. Ba a ga sarƙa ba, ba kuma wanda ya sake nemanta, ranar kamu aka gan ta a wuyan amarya tana walƙiya. Alhaji ya fito zai tafi masallaci, ya tsaya daga nesa, idonsa a kan agogonsa, ya ce an sallame ta, Allah ya haɗa kowa da rabonsa. Aka cusa kayanta a buhun bakko biyu, direba ya kai ta bakin tasha ya sauke a ƙofar Rabi mai ƙosai, 'yar garinsu Babban Mutum.

Rabi ta ga hannun ta ce asibiti za su yanzu-yanzu. Ba su kai ga neman abin hawa ba sai ga direban ya dawo da Ɗantsoho mai ɗori, da saƙon Alhaji: ya ɗauki nauyin ɗori, amma ban da asibiti. Asibiti suna da tambaya, sai sun ji wa ya yi dukan, da me, a gidan wa. Laraba ta ce a bari a yi yadda Alhaji ya ce. Har ga Allah ta ɗauka fushi ne, zai huce. Gani take da zarar an yi kwana biyu za a aiko a ce Inna ta dawo, wa zai yi musu girkin biki?

Ɗantsoho ya ja hannun har ta suma, ya jera karare, ya naɗe da tsumma ya ɗaure tamau. Ya ce kada a kuskura a kwance sai bayan mako biyu, in an kwance hannu zai karkace, ba ita ba tuƙin tuwo har abada. Ya ce duk zafin da za ta ji, ƙashi ne yake aikinsa.

Rana ta biyu yatsun suka kumbura. Rana ta huɗu ta daina jin su. Tana kwance a tabarma a ɗakin ajiyar Rabi, tsakanin buhun wake da jarkokin mai, ƙafafunta sun yi bororo, zazzaɓi yana kaɗa ta. Duk sallamar da aka yi a ƙofa sai ta ɗaga kai. Ba a aiko ba. Abin da ya iso shi ne labari: matan unguwa sun ce ɓarauniya ce, wasu sun ce taɓin hankali ne, wasu sun ce dama haka 'yan aiki suke in sun daɗe, sai su ɗauka gidan ubansu ne. Wannan ya fi karayar ci mata rai. Shekara ashirin da bakwai makullin sito yana ƙugunta, yau ita ce ɓarauniya.

Akwai wata lauya, Barista Siddiƙa, mai sayen ƙosai wurin Rabi kullum da safe, tana aiki da wata ƙungiya mai tsaya wa mata kyauta. Rabi ta jawo ta har ɗakin. Barista ta zauna a kan jarka ta saurara, sannan ta tambaya ko akwai takardar ɗaukar aiki. Laraba ta yi dariya, ta farko tun ranar Alhamis, ta ce wa yake ba mai girki takarda? A hannu ake ba ta kuɗin aikinta, wani watan a haɗa mata da atamfa. Shaidu fa? Akwai direba, akwai mai gadi, akwai mai wanki, kuma dukkansu tuwon Alhaji suke ci. Barista ta ce korar da aka yi mata zalunci ce ko a gaban wa, kuma mai aikin gida ma'aikaci ne kamar kowa, sai dai kotun da ke jin irin wannan ƙara ba a Daura take ba, kuma shari'a tana cin shekaru. Ta ce a fara da sulhu a gaban mai unguwa. Dukan kuwa na 'yan sanda ne, yau ma in ta yarda sai a kama Anwar.

Laraba ta ce a'a, ba da bakinta za a rufe yaron da ta goya ba. Ita dai a faɗa a gaban mutane cewa ba ta yi sata ba, a mayar da ita bakin aikinta.

Barista ta dubi yatsun nan da suka fara duhu ta ce a kwance ɗorin nan yau a tafi asibiti. Laraba ta janye hannunta ta rufe da mayafi. Saura kwana takwas, in ji ta, in aka kwance ya karkace da me za ta koma aiki?

An yi zaman ranar Larabar makon da ya biyo baya a zauren mai unguwa, zauren da Alhaji ya sa aka yi wa siminti bara. Alhaji ya zo da babbar riga yana ƙamshi. Ya fara da sarƙa, Barista ta tambaya ko an same ta a kayan Laraba, ya bar zancen sarƙa. Ya ce hannun kuwa santsin tuwo ne ya kayar da ita. Sannan ya gyara zama ya kawo wadda ya fi ji da ita. Ya ce shi abin ma mamaki yake ba shi, ana ta cewa kora, kora, ai sai ma'aikaci ake kora. Laraba ba 'yar aiki ba ce, 'yar gida ce, saɓani ne irin na cikin gida, bai ga abin da ya kawo lauya ciki ba.

Barista ta ce, "Ranka ya daɗe, me ya mayar da ita 'yar gida?"

"Ita ta shayar da ɗana. Uwa ce a wurinsa."

"To uwar da kuka yarda ta san bakin da ya kama nononta na farko, me ya sa a na biyun ta zama mai mantuwa?"

Alhaji ya ce shi bai zo a yi masa rashin kunya ba. Mai unguwa ya yi maza ya shiga tsakani, ya ce haƙuri, haƙuri, duniya ce, babba da yaro kowa yana kuskure, har ya kawo labarin wani maƙwabcinsa da ba wanda ya gane inda ya dosa. Ƙarshe Alhaji ya zaro takarda daga aljihu, an riga an buga ta. Takardar ta ce Laraba da kanta ta bar aiki, faɗuwa ta yi ta karye, kuma maganar da ta yi a kan Fadila ruɗewa ce. In ta dangwala yatsa, yau ɗin nan ta koma ɗakinta, a ci gaba da zama kamar ba a yi ba.

Ɗakinta. Laraba ta ji kalmar har cikin ƙirjinta. Ta tuna gadonta na ƙarfe da inuwar darbejiyar da ke bakin taga. Ƙudaje suna ta sauka a kan tsumman ɗorin, mazan da ke kusa da ita suna toshe hanci da hannun riga. Sannan ta ce a cire layin Fadila, sauran duk ta yarda, har da faɗuwar. Alhaji ya ce takarda ɗaya ce, ba a yanka ta. Ta ce to ba za ta iya ba. Ta yunƙura za ta tashi, sai ta kife.

A asibiti da aka kwance tsumman, wata ma'aikaciyar jinya sai da ta fita waje. Likita ya yi faɗa kamar zai ari baki, ya ce da an kawo ta a kwana biyun farko karaya ce kawai. Ranar Juma'a aka yanke hannun daga saman gwiwa. Washegari Asabar aka ɗaura aure, tana kwance tana jin hon ɗin motocin 'yan biki suna wucewa ta titi.

Ta koma ɗakin ajiyar Rabi da dungu. Mace mai shekara hamsin da ɗoriya ta koma koyon ɗaura zane. Hannun da ta yi rayuwarta tana tsarki da shi, shi ne yanzu take kai wa baki, har ta fi son ta ci abinci in ba kowa. In ta ji Rabi tana fama da markaɗe sai ta miƙa hannun da babu shi za ta taya ta. Mijin Rabi ya yi kawaici har ya gaji, ya ce shi ma da ƙyar yake riƙe da nasa, zuwa ƙarshen wata a nemi danginta a Babban Mutum. Dangin da suka rage mata can ɗan wani ƙanin mijinta ne, wanda rabonta da shi tun yana rarrafe.

Barista ba ta haƙura ba. Ta rubuta wa Alhaji takarda cewa za ta shigar da ƙarar kora ba bisa ƙa'ida ba, da ɓata suna, kuma rahoton likita yana hannunta. Wannan takarda ce ta fito da Hajiya Murjanatu daga gida.

Da hantsi ta zo, lokacin da ta san Rabi tana tasha. Ta bar direba a waje ta shigo ita kaɗai. Ta rame, kwalliyar ba ta ɓoye ba. Ta zauna a kan buhun wake, idonta ya sauka a kan dungun ya kauce. Ta yi jaje, ta ce ƙaddara ce, ta ce Anwar yaro ne, zuciya ce ta ɗebe shi. Ta ce an share ɗakin an yi masa fenti, Laraba ta dawo ba sai ta yi aikin komai ba, ci da sha da sutura har ƙarshen rayuwa. Sannan ta buɗe jaka ta fito da takardar nan da ɗan akwatin tawada.

Laraba ta dubi takardar. Kwana tara suka rage wata ya ƙare, kuma ta san haka.

"Hajiya, daga ni sai ke sai Allah. Wa ya miƙo min Fadila ranar da aka tafi da Hussaina?"

Hajiya ta sunkuyar da kai. 

"Ni ce. Amma an ɗaura, Laraba. Yarinyar ma ciki ne da ita. Me kike so in yi?"

 Duk makonnin nan akwai lokacin da Laraba take cewa ko dai da gaske Hajiya ta manta, har ta kan yi mata uzuri. Ashe tana sane, tana sane ta tsaya a baranda tana kallo. Ta ɗaga cinyarta ta cusa hannun hagun a ƙarƙashi ta zauna a kansa.

Hajiya ta roƙa. Ta yi kuka. Da ta ga roƙo ba zai yi ba sai ta tashi ta kama kafaɗar Laraba ta tura. Mata biyu masu furfura suna kokawa a ƙasa tsakanin jarkoki, abin kunya abin takaici. Laraba ta ciji mayafinta ta ƙanƙame, amma mai hannu ɗaya da ta yi wata biyu tana jinya ina za ta iya da mai ƙiba? Hajiya ta danne dungun da gwiwarta. Laraba ta saki ƙara, jikinta ya saki, jini ya ɓullo ta bandejin. Hajiya ta zaro hannun, ta murɗe babban yatsan ta dangwala a tawada, ta danna a takarda har sau biyu don kada a ce bai fito ba.

Haka ake kashe ƙarar talaka a garin nan. Ba a buƙatar alƙali, ba a buƙatar zuwa Katsina. Gobe Alhaji zai aika wa Barista takarda mai yatsa, in ta ce da ƙarfi aka karɓa a ce ta kawo wanda ya gani. A masallaci za a ci gaba da matsa masa a sahun gaba, a gidan biki a ci gaba da cewa Hajiya mai kirki ce, ta riƙe 'yar aiki shekara ashirin da bakwai.

Hajiya ta ninke takardar ta sa a jaka, ta gyara mayafi, ta kai bakin ƙofa. Sai ta kasa fita. Ta juyo, tawada a hannunta, jinin Laraba a gwiwar zanenta. Ta ce tun ranar nan Anwar ba ya barcin kirki, ita ma haka, kullum tana tsoron abin da zai biyo shi. Ta durƙusa, ita Hajiya Murjanatu, a gaban mai girkinta.

"Don girman Allah, ki ce kin yafe masa nonon da ya sha."

Laraba tana kwance a gefe tana numfashi da ƙyar. Ta ɗago ido ta dubi matar nan.

"Yatsa kin karɓa da ƙarfi," in ji ta. "Wannan sai da bakina, kuma ba zan faɗa ba."

Hajiya ta ci gaba da kiran sunanta, Laraba, Laraba, Inna. Direba ya yi hon a waje. Laraba ta jawo mayafi da haƙori ta rufe dungun, ta juya fuskarta bango.